Ranar da Na Kira Sunan Sabo

Na koyar da tarihin dauloli shekaru masu yawa ga yaran da hankalinsu ke kan mai awara a bakin get, kuma abin da na fahimta a ƙarshe shi ne, kowace al'umma tana tsaye ne a kan abu guda: mutum ya san abin da zai faɗa idan ya tsaya a ƙofar gidan maƙwabcinsa. In an haihu, barka. In an yi gobara ko sata, jaje. In an yi rashi, ta'aziyya. Daular da mutanenta suka san waɗannan uku, ko sarkinta ya gudu za ta kai gobe. Abin da rikicin garin nan na Jos ya yi mana, bayan gidaje da shagunan da ya ci, shi ne ya bar mu da gidajen da in ka tsaya a ƙofarsu ba ka san da wacce za ka shiga ba. Ɗaya daga cikinsu gidan ƙanwata ne, Goggonku Rabi, a unguwar Dilimi.

Na san abin da kuka tashi kuna ji. Na san a wancan gidan ana kirana wanda ya kashe Sabo da lasifika, kuma na san ba wanda ya taɓa zaunar da ku ya gaya muku dalilin da ya sa kuka daina zuwa yawon sallah Dilimi kuna ƙanana. Tunda har yanzu hannuna na iya riƙe biro, bari in rubuta muku yadda aka yi, don kada ku gaji zancen daga bakin waɗanda ba su je filin ba.

Sabo mijin Rabi direba ne. Yana da tsohuwar akori-kura da yake ɗauko dankalin Turawa da kabeji daga ƙauyuka yana kawo wa 'yan kasuwa. Mutum ne mai dariya da ƙarfi, mai bin motarsa da zagi kamar ƙanwarsa ce, kuma duk Juma'a sai ya sauke mana ƙaramin kwandon dankali a nan Gangare ya ce na hedimasta ne, wai karatu na cin jiki. Ranar da gari ya rikice ya fita da sassafe, kafin a san za a yi wani abu. Da hantsi aka rufe hanyoyi. Shi ke nan. Ba a ga Sabo ba, ba a ga mota ba, ba a ga ko dankali ɗaya ba. Da ƙura ta lafa na bi asibitoci, na bi wuraren ajiye gawa, na bi ofisoshin 'yan sanda, na ga abubuwan da ba zan rubuta muku ba. Sabo ba ya cikin waɗanda aka binne, ba ya cikin waɗanda aka tsare.

A makonnin farko mutane suna zuwa gidan suna jaje, kamar an sace akuya. Da aka kwana biyu sai jajen ya fara yi wa masu yinsa nauyi a baki, ta'aziyya kuma ba wanda ya isa ya fara, domin mahaifiyarsa Hajiya Kande tana zaune a tsakar gida a kan tabarmarta, kuma duk wanda ya kuskura ya ce Allah ya jiƙansa sai ya ji abin da bai ji ba tun yarinta. Sai mutane suka koma gaisuwar sanyi. A shigo a ce ina gajiya, yaya sanyin nan na bana, a zauna a yi shiru, a tashi. Daga baya ma suka daina zuwa, kuma ban ga laifinsu ba. Hajiya tana da 'yar waya da take sa jikoki su kai mata caji, duk Juma'a bayan an sauko masallaci ta sa a danna mata lambarsa ta kara a kunne. Wata rana ina wurin ta sauke wayar ta dube ni.

"Ka ji, Malam? Baturiyar nan ta ciki ta ce a sake gwadawa an jima. Ita da ta san aikinta ba ta ce ya mutu ba."



Haka aka yi ta tafiya har shekaru suka haura huɗu. Rabi ba matar aure ba, ba bazawara ba. Yaranta uku ba a kiransu marayu, ba su kuma da uban da zai je makaranta in an kira iyaye. Tana soya wainar shinkafa a ƙofar gida da safe, da yamma ta yi kitso, tana ciyar da su da surukarta. Ba ta taɓa zuwa ta yi mini kuka ba, abin da ya dame ni fiye da kukan. A lokacin na yi ritaya, kuma kun san abin da ke samun malamin makaranta in ya rasa aji: sai ya shiga kwamiti. Muka kafa wani na unguwa don tunawa da waɗanda aka rasa da nema wa iyalansu taimako, aka naɗa ni sakatare saboda ni kaɗai ne ke jin daɗin rubuta jawabi. Mun yi ta bin masu hali, mun yi magana a rediyo, mun tsaya a masallatai bayan sallah muna tuna wa mutane cewa akwai gidajen da har yanzu tukunya ba ta hawa wuta kullum. Wani lokaci a samu, sau da yawa a ba mu addu'a.

A shekarar da nake ba ku labari sai ga Madam Ladi. Mun koyar a makaranta ɗaya da ita kafin garin ya rabu gida biyu, Musulmi gefe Kirista gefe, ita lissafi ni tarihi, sannan ta koma unguwar Daɗin Kowa ta kama aiki da wata ƙungiyar agaji. Ita ma ta rasa ƙanenta a rikicin, sai dai ita an ba ta gawa. Ta zo har Gangare da rana tsaka, abin da mutanen wajensu ba su cika yi ba a lokacin, ta zauna a zaurena ta ƙi shan shayi sai da mahaifiyarku ta yi mata tsawa. Ta ce ƙungiyarsu ta samo tallafi mai ƙarfi: keken ɗinki ko injin markaɗe ga mata, da ɗaukar nauyin karatun yara har su gama sakandare. Amma na zawarawa ne da marayun rikici. Na gaya mata halin Rabi, ta juya kofi a hannunta.

"Malam, ni na san Rabi, na ci wainarta. Amma ogata ta Abuja ba ta san Rabi ba. Tambaya ɗaya za ta yi: miji ya mutu ko bai mutu ba?"

"Idan ba a sani ba fa?"

"Babu wurin ba a sani ba. Na yi faɗa a kan wannan har na gaji. Ka je ka gyara, ni zan riƙe mata wuri."

Ka je ka gyara. Kamar famfo.

Na fara da limamin unguwarmu, tsoho mai haƙuri wanda ya san littafi kuma ya san mutane. Ya ce shari'a ba ta bar mace a rataye ba, lokacin jira ya wuce, in Rabi ta kai ƙara alƙali zai iya yanke hukuncin cewa mijin ya rasu, ta yi takaba ta fita. Ya ƙara da cewa shi ba zai yi sallar gawa babu gawa a gabansa ba, addu'a dai zai yi. Sannan ya dube ni ta saman tabarau.

"Malam, alƙali mai sauƙi ne. Ka yi magana da Kande?"

Ban yi ba, sai na tafi. Na same ta tana tsince wake a faranti. Na durƙusa na gaishe ta, na yi doguwar shimfiɗa irin ta malaman makaranta, na kawo zancen yara da karatu da yadda Rabi ta rame. Ta bar ni na gama tsaf, ba ta ɗago kai ba.

"Hedimasta, ka ga gawarsa?"

"Ban gani ba, Hajiya."

"Wani ya ce maka ya gani?"

"Babu."

"To ni na haife shi. Ranar da ya mutu zan ji a jikina, ba sai an aiko daga Abuja ba. In keken ɗinki kuke so ku ce keken ɗinki kuke so, ku bar mini ɗana."

Na fito ina jin kamar ɗalibin da aka kama da satar amsa. Rabi ta rako ni zaure. Na tambaye ta abin da ita take so, domin maganarta ce, aurenta ne. Ta daɗe tana kallon ƙasa tana murza gefen mayafi.

"Yaya, abin da ka gani."

Ku lura da wannan amsa, domin duk wanda ya girma a gidan Hausawa ya san tana iya nufin e, tana iya nufin a'a, tana kuma iya nufin kai ka ɗauki nauyin don ni na gaji. Na kwana biyu ina juya ta. Mahaifiyarku, wadda ba ta taɓa shiga kwamiti ba amma ta fi kwamiti saurin yanke hukunci, ta ce in bar abin.

"Malam, tsohuwar nan abu ɗaya ya rage mata a duniya. Ka bari ta mutu da shi."

"Yaran fa? Babbar ta daina zuwa makaranta tun zangon da ya wuce, tana tayar da wutar waina."

"To kai dai ka sani. Amma in ka yi, kada ka zo kana tambayata me ya sa ba a amsa gaisuwarka."

Maganar babbar yarinyar ce ta yanke mini. Tsohuwa tana da begenta, amma yarinya 'yar aji biyu na sakandare ce ke biyan kuɗinsa da hayaƙi a ido. Na kai Rabi kotu. Abin bai ɗauki lokaci ba: shaidu biyu daga cikin direbobin da suka ga fitarsa, liman, da ni. Alƙali ya tambaye ta sau biyu ko da yardarta, ta ce e da muryar da sai da ya sa ta maimaita. Ya yanke hukunci. Muka fito, ta ce kada in raka ta gida.

Sai dai hukuncin kotu ba ya shiga lungun Dilimi da ƙafarsa. Muddin unguwa ba ta ji ba, ba wanda zai zo ta'aziyya, Rabi kuma ba za ta iya zama takaba a gidan da aka hana ambaton mutuwa ba. Ita ba za ta iya faɗa wa Hajiya ba, liman ya ce ba aikinsa ba ne, 'yan uwan Sabo maza kowa ya tuna yana da tafiya. Washegari kuwa ita ce ranar taron tunawa da kwamitinmu ya shirya a filin makarantar firamare. Mun ɗauko rumfuna da kujerun roba, mun yi hayar lasifika da janareta, mun gayyaci masu hali don su ji su taimaka. Madam Ladi ta zo da mata daga cocinsu, suka zauna gefe guda da ɗankwalaye iri ɗaya, fasto da liman a teburi ɗaya suna raba robar ruwa. An tsara cewa bayan jawabai kowace unguwa za a kira mutanenta da aka rasa, jama'a su amsa da addu'a, kowa a yadda ya saba. Ni aka ba Dilimi da Gangare.

Ban san Hajiya za ta zo ba. Maƙwabciyarta ce ta rasa 'ya'ya biyu, ta zo raka ta, aka ba su kujerun gaba saboda tsufa. Ina tsaye riƙe da abin magana na hango ta da farin mayafi da carbi, tana amsa amin da ƙarfi ga 'ya'yan wasu. Na yi jawabina, wanda na kwana uku ina gogewa, na ambaci birane da suka ƙone a tarihi suka sake tashi, na ga mutane suna duba agogo. Sai na fara kiran sunaye. Kowane suna, filin ya amsa. Mai shayi na bakin tasha, tela da ɗansa, malamin allo, wata mata mai ƙosai da ta fita neman 'yarta. Na san su duka, wasu na koyar da su. Ina tafe ina jin inda zan kai, ina kuma sane da cewa zan iya tsallakewa ba wanda zai ce uffan. Na dubi gefen mata na ga babbar 'yar Rabi a tsaye a baya, goye da ƙaninta. Sai na ce:

"Sabo direba, ɗan Hajiya Kande, na Dilimi. Allah ya jiƙansa."

Lasifikar nan da ta yi ta shaƙewa tun safe, a wannan karon ta fitar da magana tas har bakin titi. Mutanen Dilimi suka dubi juna, domin duk sun san abin da na yi. Daga nan wata murya daga gefen matan coci, waɗanda ba su san komai ba, ta ce amin, sai sauran jama'a suka bi. Hajiya ba ta yi ihu ba, ba ta faɗi ba. Ta miƙe a hankali, ta gyara mayafi, ta zo har gaban teburi ta tsaya inda ni kaɗai da liman da fasto za mu ji.

"Sun bar mini shi, kai ka ƙarasa."

Ta juya ta fita daga filin da ƙafa, ta ƙi hawa keke napep ɗin da aka tsayar mata.

Da la'asar gidan ya cika. Wannan ina so ku riƙe, domin waɗanda ke ba ku labarin ba sa kaiwa nan. Mutanen da suka yi shekaru suna kauce wa lungun sun zo da tabarmi, direbobin tasha sun zo a ayari, mata sun shigo da ƙwaryar gero da kwanon sukari, kowa ya san abin da zai faɗa a ƙarshe kuma yana faɗinsa da sauƙin zuciya, kamar an cire musu ƙaya. Yaya haƙuri, Allah ya jiƙansa, Allah ya raya abin da ya bari. A ranar na fara ganin Rabi ta yi kuka, irin kukan da ake riƙe mutum. Yaran aka dafa kawunansu aka kira su marayu, aka cusa musu abin da ya sawwaƙa a aljihu. Hajiya ta shiga ɗakinta ta saki labule, ba ta karɓi gaisuwar kowa ba.

Daga ranar ba ta sake amsa mini gaisuwa ba har Allah ya karɓi ranta. Ban daina zuwa ba. In na durƙusa a bakin ƙofa na ce Hajiya ina wuni, sai ta juya wajen bango.

"Rabi, ki ce wa baƙonku an gode."

Ku kuma ta ce kada a sake kawo mata ku, wai ba ta son ta ga fuskata a ƙananan fuskoki. Shi ya sa yawon sallarku ya tsaya a Gangare. Wayar ma, an ce tun daga makon ta daina sa a kai mata caji, kuma wannan ya fi zagin da aka yi mini ciwo. 'Yan uwan Sabo da suka ɓace lokacin da ake neman mai faɗa, su ne suka dawo daga tafiya suka raɗa mini sunan da kuka sani. Na karɓa. Wani ne dole ya faɗa, kuma a kowane gida akwai wanda aka ajiye don irin wannan aiki, yawanci wanda ya fi kowa son jin muryarsa. Ban nemi gafarar kowa ba a kan abin da na yi, kuma ba da wannan rubutun nake nema ba. In yau aka sake miƙo mini abin maganar, zan kira sunan. Mace mai rai da yara uku sun fi ƙarfin begen tsohuwa, ko da tsohuwar ta fi mu duka son Sabo, kuma ta fi mu.

Saura zancen tallafin, tunda dominsa aka fara. Madam Ladi ta cika alkawari, ta riƙe wa Rabi wuri, injin markaɗe da karatun yara uku. Aka sa ranar rabo a harabar ofishinsu, ta aiko mini da saƙo cewa kowace mace ta zo da kanta, za a ɗauki hotonta da kayan a aika Abuja. Na tafi Dilimi da murna na sami Rabi a ɗaki, da tsohon zane, ba kwalli ba ɗan kunne, tana tsakiyar takaba. Na ce ta shirya, na riga na tambayi liman, ya ce fita da rana don lalura ba laifi.

"Yaya, a gidan nan ba a taɓa yi ba. Hajiya ko zaure ba ta leƙa ba a takabar Baba."

"Rabi, awa ɗaya ce. Ni zan kai ki in dawo da ke."

"Kai ka ce ya mutu, na yarda. Ba wanka, ba likkafani, ba kabari. Wannan kaɗai ya rage da zan yi masa, kuma tsohuwar nan tana kallona ta labule. Bari in yi masa shi cikakke."

Na yi magana, na kawo hujja, na kawo liman da kansa. Ta saurare mu da ladabi ta ba mu ruwa. Na je wurin rabon ni kaɗai da takardar kotu a aljihu, na tsaya cikin mata a layi da hulata, Madam Ladi ta shiga ta fita ta buga waya Abuja har muryarta ta dushe. Aka ce hannu da hannu ne, ba a karɓar wa wani, amma Rabi ta zo da zarar ta fita takaba, za a duba a zagaye na gaba.

Rabi ta cika wata huɗu da kwana gomanta, ta yi wanka ta sa sabon zane, na ɗauke ta a keke muka tafi. Ƙungiyar ta riga ta rufe ofishinta na Jos.